Saƙon Rasuwa Zuwa Bayan Nok

Kafanchan

Bayan sallar asuba muka yi shirin tashi, a kakar citta ta shekarar da naira ta fito. Niyyata in sayi citta a Kwoi da Nok. Ni da direbana Bitrus muna ɗaure buhuna a bayan akori-kura, sai ga kukun mishan a kan keke yana haki. Ya ce waya ta zo daga ƙasar Sifen, mahaifiyar Fada Ramon ta rasu. Fadan yana wani ƙauye bayan Nok, motar mishan kuma tana gareji.

"Alhaji, kai za ka kai saƙon. Amma kar a gaya mishi yana shi ɗaya."

Na ce na ɗauka.

Kwoi

Hanya gargada ce. 'Yan sanda suka tsayar da mu a mararraba, suka duba lasin, muka wuce. Da hantsi muna shan koko da ƙosai a bakin kasuwa, sai ga Fada Ramon da kansa, riƙe da galan na kananzir, yana neman mota.

"Alhaji! Ina labarin Kafanchan?"

"Sai alheri, Fada."

Ya shiga gaba, tsakanina da Bitrus. Yana koyon Hausa, bakinsa ba ya hutawa. Ya tambaye ni bambancin kawai da kaɗai. Na ba shi misali, na ce, "Citta kawai nake saye, ba na haɗa ta da komai. Ni kaɗai na zo, ba abokin tafiya." Ya yi dariya, ya ce su a Sifaniyanci solamente ita ce kawai, amma solo tana ɗaukar duka biyun, tun yana ƙarami uwarsa ke gyara masa su. Bitrus ya kafa ido a kan hanya. Ni kuwa na shiga zancen farashin kananzir.

Nok

Muka bar mota, muka taka da ƙafa. Na ja katikis, wato malamin cocin ƙauyen, Baba Yohanna, gefe na gaya masa. Ya ce, "Bari ya ci abinci tukuna." Aka kawo tuwon acca da miyar karkashi. Kafin Fada ya gama ci ya wanke hannu dattawa sun cika tsakar gida, sannan Baba Yohanna ya faɗa masa.

Fada ya miƙe ya ce, "Don Allah ku bar ni ni kaɗai." Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Ba wanda ya tafi. Mata suka shimfiɗa tabarmi a bakin ƙofar. Na ce ko a ba shi wuri, tunda haka al'adarsu ta Turawa take. Wata tsohuwa ta harare ni.

"Alhaji, uwarshi ya mutu. A nan ba a barin mutum."

Nan muka kwana. Da safe ya fito, ya zauna a tabarmar tsohuwar. Ta tambayi sunan marigayiyar, ya faɗa, suka yi mata waƙar coci da yarensu.

Komawa

Buhu kaɗan na samu, na haƙura. Muka dawo da Fada tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, Baba Yohanna da wani dattijo suna baya a kan buhuna. Fada ya miƙa musu hannu zai yi sallama. Baba Yohanna ya karɓe masa akwati, ya riga shi hawa jirgi.

"Sai Kaduna, Fada. A can za mu damƙa ka hannun mutanenka."

Na isa gida bayan la'asar. Na gode wa Allah da ya sauke mini wannan nauyi, na gode wa Bitrus da ya iya riƙe bakinsa.