Gem Mai Faifai a Zauren Malam Jalo

Ranar da aka kawo wa Inuwa sabon gem, wata Asabar ce cikin daminar 1996. Tun safe ake yayyafi, lungunan Ƙofar Kibo duk sun caɓe, sai bayan azahar rana ta ɗan leƙo.

Inuwa gyaran rediyo ya koya, amma sana'ar ba ta karɓe shi ba. Abin da ya riƙe shi da iyalinsa shi ne talabijin guda da gem mai kaset, waɗanda ya kafa a zauren kawunsa Malam Jalo, inda ni ma nake zaman ɗinkin riga. Samari su zo su biya su yi wasa. In kaset ya ƙi, Inuwa ya ciro shi ya hura masa iska da baki, ya mayar. Malam ya ba shi zauren ne bisa sharaɗi ɗaya: da ladan ya ɗaga murya, a zare waya daga bango. Ba rage sauti ba, a zare. Shekara da shekaru haka Inuwa yake yi, ko da mutum na gab da cin wasa.

Sai ɗaliban jami'a na Kongo suka zo da labarin wani gem da ke tafe, mai faifai, wai mutanen ciki kamar ka yi musu sallama. Samarin unguwa suka fara cewa duk inda ya fara sauka can za su koma. Inuwa ya sayar da babur ɗinsa, ya ba Jibril ɗan makwabcinmu, mai zuwa Legas saro kaya, saƙon ya sayo masa.

Jibril na hanya wani ɗalibi ya ce wa Inuwa faifan juyawa yake a ciki, in aka zare waya yana cikin gudu, na'urar ta mutu ke nan. Daga ranar Inuwa ya rage magana. Ya je ya durƙusa gaban Malam ya nemi sassauci.

"Zauren dai nawa ne, Inuwa," in ji Malam. "Sharaɗin kuma bai tsufa ba."

Ka ga ke nan in ya zare, babur ya tafi a banza. In ya ƙi zarewa, ya bar zaure.

A gidan, ba a fara amfani da sabon abu sai babba ya sa albarka. Don haka da aka buɗe kwali, Malam aka fara kira. Ya zauna kan buzunsa, ya dafa na'urar ya yi addu'a, samari cike da ƙofa. Aka sa faifan tseren mota.

"Wannan direban ɗan wane gida ne?" Malam ya tambaya. "Tun ɗazu bango yake duka."

"Jibril ne, Baba," in ji Inuwa.

"To kar wanda ya ba shi aron keke."

Ana cikin dariya aka kira la'asar. Malam bai dubi Inuwa ba, hannun riga kawai yake naɗewa. Jibril ya ce a hankali, "Yaya, bari ya gama zagayen mana." Inuwa ya miƙe, ya yi bisimilla, ya zare wayar.

A masallaci kusa da ni ya tsaya. Ina jin numfashinsa.

Da muka dawo ya mayar da waya, ya danna. Allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, sannan sauti ya tashi, motoci suka jeru kamar ba abin da ya faru. Inuwa ya zauna daɓas a kan benci, ya share fuska da hula.

Malam ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida. "Ni fa tun farko na yi mamakinka," ya ce. "Masu ɗauke mana wutar lantarki kullum, izininka za su riƙa nema?"

Wallahi duk cikinmu babu wanda wannan tunanin ya zo wa.

Malam Jalo ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Inuwa yana zauren har yanzu, talabijin ɗinsa sun zama uku, ya kuma sayi wani babur. Da an kira sallah yana zare waya.