Shekarar da Saudatu Ta Bi Labarin Surabaya

Duk wanda ya zauna Tandabawi, unguwar Takari a Makka, a zamanin yaƙin duniya na biyu ya san Saudatu mai wanki. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, domin Allah bai hore mata magana a hankali ba. A Makka aka haife ta. Iyayenta Kanawa ne da suka taho a ƙafa ta Sudan, suka sauke farali, suka kasa komawa. Mijinta Wada mai ɗaukar ruwa ne, shiru-shiru, har 'yan unguwa ke cewa an haɗa su ne don a samu mai sauraro a gidan. Ita kuwa wankin gidajen 'yan Jawa take yi, wato alhazai da ɗaliban da ke zuwa daga tsibiran gabas masu nisa.

Sau huɗu tana haihuwa, ba wanda ya yi wata uku a duniya. Kwana tara da binne na huɗun, nono na zuba yana jiƙa mata riga, ta ji labari a wajen wanki cewa matar Malam Abdulganiyyu ta rasu a kan gwiwa ta bar jaririya. Malamin ɗalibi ne a Harami, mutumin wani gari da ake kira Surabaya, ba shi da kowa a Makka sai littattafansa. Ba wanda ya aiki Saudatu. Ta ajiye ƙunshin kaya, ta hau benen, ta tarar da shi yana ɗiga wa jaririyar ruwan sukari da tsumma. Ta ce masa, "Kawo nan, ya Ustaz, kafin ka kashe ta." Ta zauna a bakin ƙofa ta ba ta nono.

Uban ya raɗa mata suna Rumaisa, Tandabawi ta mayar da shi Rumasa'u. A can ta tashi, 'yar fara mai ƙananan idanu a tsakiyar 'ya'yan Takari, tana sharɓar miyar kuka, tana zuba Hausa irin ta Kanawan da ba ta taɓa ganin garinsu ba. Gashinta ne kaɗai ya ƙi zama Bahaushe. Kowace Alhamis Saudatu za ta danne ta tsakanin ƙafafu ta yi mata kitso tana faɗa, kafin Asabar ya warware ya zubo kamar ba a taɓa shi ba. Ran Juma'a uban yakan zo da 'yar alewa, ya yi mata yarensu, ita kuma ta ɓuya bayan zanen Saudatu tana leƙensa. Shekara tara aka yi a haka, kuma ko a gaban alƙali Saudatu za ta rantse ita ta haife ta.

Da yaƙi ya tashi jiragen alhazai suka ɗauke. Babu alhazai, babu wanki. Wada ya kwanta ciwon ƙirji, bai tashi ba. Aka kai inda gurasa ɗaya ce abincin yini, Saudatu ta gutsura gefe ta ce ta ƙoshi. Wata safiya tana yi wa yarinyar wanka ta ji haƙarƙarinta a ƙarƙashin tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. A makon ne Malam Abdulganiyyu ya zo ya ce an turo jirgi zai kwashe 'yan Jawa da yunwa ta kama a Makka, kuma zai bi.

Mutumin kirki ne, wannan kam ba a ɗauke masa. Ya sunkuyar da kai, ya kira ta Hala, wato inna da Larabci, ya ce, "Ya Hala, ke ta sani, ba ni ba. In kin ce in bar ta, wallahi zan bar ta."

Saudatu ta tambaye shi ko akwai abinci a garinsu. Ya ce shinkafa sau biyu ake girbe ta a shekara. Ta tambaye shi ko yaƙin ya kai can. Ya ce yaƙin Turawa ne, yana can ƙasarsu. Sai ta ce, "To tafi da ita."

Da bakinta ta faɗa, ba wanda ya tilasta ta, kuma wannan ne abin da ya ci ta har ƙarshen rayuwarta. Ranar tafiya, a gindin motar Jidda, Rumasa'u ta riƙe mata zane da hannu biyu tana ihu. Saudatu ta ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya. Da suka sake kamawa ta doke hannun, ita da ba ta taɓa dukanta ba, ta miƙa ta sama, ta juya ta tafi ba ta waiwaya ba. Wasiƙa ɗaya ta zo cewa sun sauka lafiya. Bayan shekara guda Japan ta mamaye Jawa, aka daina jin komai.

Shekara uku ana haka. Sai a shekarar 1945 labarin ƙasar ya fara ɓullowa, kuma Saudatu ta gano inda yake sauka. Akwai wani tsohon tela ɗan Jawa, Ammi Dauda, da ya ƙi shiga jirgin nan ya ce shi a Makka zai mutu. Ɗaliban da suka rage sukan taru a shagonsa, wannan ya kawo abin da ya ji a rediyon wani attajiri, wancan ya kawo jaridar Masar ta makon jiya. Kullum da hantsi Saudatu za ta sauke ƙunshinta a bakin shagon ta ce, "Ya Ammi, ish fi? Me aka ce da Surabaya?"

Yawanci amsar ita ce, "Ma fi shai, ya Ummu Rumaisa. Babu komai." Wani lokaci kuma ya ce an ji Japan na kwashe shinkafar mutane tana ciyar da sojojinta. Ran da ya faɗi wannan ba ta iya cin abinci ba.

Cikin azumi aka ce Japan ta miƙa wuya. Ba a daɗe ba ɗalibai suka zo suna rungumar juna suna kuka, wai ƙasarsu ta ayyana 'yancin kanta, ta ce ba ta sake komawa hannun Turawan Holan. Saudatu ba ta san Holan ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Abin da ta gane shi ne hanya za ta buɗe. Ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa har jakuna suka firgita. Daga ranar ta zama malamar siyasar Jawa a bazan, wurin ɗibar ruwan unguwa. Matar da in ka ce ta nuna gabas sai ta tsaya ta tuna inda take fuskanta a salla, ita ce ke yi wa mata bayanin wane ne ya ci amanar wane a Batabiya, babban birnin Jawa. Suna yi mata dariya, tana zaginsu, kowa na jin daɗi, don an daɗe ba a ga haƙoranta ba. Ta fara lissafin cewa yarinyar ta kai sha huɗu, ko ta yi tsawo, ko akwai mai yi mata kitso.

Bayan ƙaramar salla labari ya fara ɓaci. Aka ce sojojin Ingila sun sauka, Holan na biye da su. Aka ce samari sun ɗauki makami, wanda bai samu bindiga ba ya fiƙe gora. Sunan da take tambaya kullum ana ce mata babu komai, yanzu shi ne a bakin kowa.

Aikin hajji ya zo, ta tafi Arfa dafa wa alhazai abinci kamar kowace shekara. Tana tsaye kan tukunyar shinkafa da rana tsaka Ammi Dauda ya lallaɓo cikin haraminsa, ya tsaya bai yi sallama ba. Ya ce kwana huɗu ke nan ana yi wa Surabaya ruwan wuta ta sama da ta teku, mutane na gudu da ƙafa, gawa a kan titi. Saudatu ta saki muciya. Ta fita daga rumfar ta tsaya cikin rana, ta ɗaga hannu, ta yi roƙon da mutanen tantuna uku suka ji. Ba ta roƙi gafara ba, ba ta roƙi aljanna ba. Cewa take, "Ya Rabbi, ni na tura ta. Ni na ce a tafi da ita. Ka kama ni, ka bar ta." Shinkafar ta ƙone, mai rumfar ya kore ta, ba ta ma san an kore ta ba.

Shekarar ta ƙare babu wasiƙa. Wadda ta biyo ma haka. 'Yan Jawa suka yi ta yaƙinsu, alhazansu ba sa zuwa sai ɗaiɗaiku, kowanne kuma Saudatu sai ta tare shi ta tambaya. Muryar nan tata ta ragu har maƙwabta suka fara leƙowa su ga ko lafiya.

Sai bayan shekara biyar jiragen Jawa suka dawo cike. Wata rana bayan azahar Ammi Dauda ya zo Tandabawi da kansa, yana jan ƙafa, tare da wata 'yar tsohuwa ƙarama cikin farin mayafi. Ya ce sunanta Hadijatu, yayar Malam Abdulganiyyu ce, tun saukarta take cigiyar baƙar mace mai wanki. Saudatu ta shimfiɗa tabarma. Ta kalli bayan matar, ta ga ba kowa.

Tsohuwar na magana, tela na fassarawa. Malam, Japan ta tafi da shi aikin dole, bai dawo ba. Yarinyar a hannunta ta zauna. Ta koyi yarensu, tana da ladabi, sai dai ba ta da yawan magana, kuma ko an zuba mata abinci rabi take ci ta ture sauran. Da yunwa ta yi tsanani zazzaɓi ya kama ta. Ta rasu cikin watan Maulidi, a farkon shekarar nan ta 'yanci.

Saudatu ta ƙirga watanni da yatsa. Maulidi kafin azumi yake, kafin Arfa. Ashe ranar da ta yi guɗa a kasuwa yarinyar ta yi wata shida a ƙasa.

Hadijatu ta taɓa gwiwarta ta ƙara wata magana. Tela ya ce, "Wai kwana uku kafin yarinyar ta cika tana maimaita wani abu da ba wanda ya gane. Sun ɗauka aljanu ne, har suka kira malami ya yi tofi. Ita dai ta riƙe kalmomin, ta ce in Allah ya kawo ta Makka za ta tambaya."

Tsohuwar ta rufe ido, ta jero su a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda yaro ke biya karatun da bai san ma'anarsa ba.

"In-na, ki zo ki ɗau-ke ni. Ba zan ci da ya-wa ba."

Ta buɗe ido tana jiran fassara. Ammi Dauda, da ya shekara arba'in cikin Takari yana jin Hausa, ya kau da kai ya kalli bango.

Saudatu ta juya wajen tela. Muryarta ƙasa-ƙasa ta fito, ta ce, "Ya Ammi, ka ce mata ba aljanu ba ne. Ni take kira."

Ya faɗa mata. Tsohuwar ta sa gefen mayafi a fuska.

Saudatu ta matsa kusa har gwiwoyinsu suka haɗu, ta kama hannuwan matar biyu ta riƙe. Ta ce, "Ka ce ta sake faɗa."

Tsohuwar ta sake faɗa. Saudatu ta ce a ƙara. Suna nan a haka har aka kira la'asar.