Kwanon da Ya Dawo Mini Wayam

A ƙarshen shekarun casa'in ni mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, matar wani mai kanti a kasuwar Gure. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, amma Allah ya ba ni baki. Duk inda mata suka taru, biki ko suna, ni ake jira in iso kafin a fara dariya, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Yau na haura sittin, haƙoran dariyar ma sun zube, shi ya sa na ga gara in rubuto muku abin da bakina ya yi wa ƙawata, ko wata ta tsira da shi.

Ƙawancenmu irin na da ne, wanda iyaye suka san da shi. Ita ta riƙe ni ranar da aka kai ni ɗakin miji, ni ma na riƙe ta ranar nata. Muna da wani farin kwano mai murfi da jan baki, kullum yana kan hanya tsakanin gidana da nata. Idan na aika mata dambu, sai ya dawo da fura. Ranar da babu, ko ƙullin kanwa ne sai an saka, domin a wurinmu ba a mayar wa ƙawa da kwano wayam. Ita mace ce mai shiru, magana ɗaya sai ta auna ta sau uku. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu ƙanana. Wan marigayin, wanda shi ne babba a gidansu, ya ce saboda halinta ya bar mata yaran, ko ta sake aure ba zai raba su ba.

Akwai wani abokin marigayin, mai lambun dabino a wani kwari wajen Bune, shi ma matarsa ta rasu. Tun tana cikin takaba yake aiko wa marayun da dabino ta hannun wata tsohuwa, sadaka, ba da wata magana ba. Sai da ta fita takaba da wata biyu sannan ya aiko yana nemanta. Ni kaɗai ta gaya wa. Tana rufe fuska da mayafi ta ce mini ita dai tun can ta ɗan yi zargi, don dabinon zaɓaɓɓe ne, babu ko ɗaya mai tsutsa, amma ta rantse bai taɓa furta komai ba sai da lokaci ya yi. Ta roƙe ni in riƙe bakina har manya su shiga maganar. Na ce mata ta kwantar da hankali, ai cikina rijiya ce.

A shekarar ne maigidana ya sayo tele da bidiyo da ɗan gurup mai ba da wuta. Bayan azahar, idan maza suna kasuwa, matan unguwa sukan cika ɗakina. Akwai wani fim na Kano da muka kalla har kaset ɗin ya fara ja: labarin ƙawaye biyu da samarinsu, soyayya da barkwanci, ɗaya mai surutu, ɗaya mai shiru. Nan da nan mata suka ce ai mu ne aka ɗauka, suka koma kiranmu da sunayen 'yan fim ɗin. Ni abin ya yi mini daɗi, ita kuwa murmushi kawai take yi. Da muka ji an yi kashi na biyu, wata guda muna damun wani direba mai zuwa Damagaram, har ya kawo mana.

Ranar da muka saka shi ɗakin ya cika har bakin ƙofa, wasu a tsaye suna leƙe ta taga. Tun ba a yi nisa ba ra'ayi ya rabu. Wata ta ce bai kai na farko ba, waƙoƙi sun yi yawa. Wata ta ce mai shirun ta yi ƙiba, da gani kuɗin fim sun karɓe ta. Wata gwaggo tsohuwa kuwa da telen take faɗa kai tsaye, tana ce wa mai surutun ta rufe bakinta, 'yar nema, kafin ta jawo wa mutane. A cikin labarin an kawo wani mai neman mai shirun, mutum mai tsananin kunya. Duk zuwan da zai yi zance sai harshensa ya sarƙe, ya ajiye buhun lemo ya ruga, har gida ya cika da lemo, mai surutun tana sayarwa a ɓoye. Mata har da masu kwanciya don dariya. Sai wata ta tambaya, wai da gaske akwai namiji irin wannan a duniya?

Nan shaiɗan ya hau harshena. Na ce akwai mana, ga shi nan kusa, sai dai shi nasa dabino ne, a tambayi ƙawata. Aka kwashe da shewa. Da na ga dariyar ta karɓu, sai na ƙara gishiri, na ce ai tun tana takaba ake ta zancen dabino, kwari guda ya kusa ƙarewa a ɗakinta. Dariyar ta ɗan ci gaba, sannan ta mutu, har ana jin ƙarar gurup a tsakar gida. Sai a lokacin na tuna ƙanwar marigayin tana zaune a bakin ƙofa da jaririnta a cinya. Ta miƙe, ta goya ɗanta, ta ce ashe haka, to Allah ya jiƙan yayanta da aka fara cin dabino a kansa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ta fita.

Ƙawata kuwa ta gyara mayafinta, ta zauna har fim ya ƙare. A ƙarshensa ƙawayen nan biyu sun ɓata saboda mai surutun ta tona asiri, amma cikin 'yan mintoci mai shirun ta biyo ta gida, suka rungume juna, aka yi waƙa, aka yi biki. Wasu mata har da share hawaye. Da za a watse ƙawata ta yi mini godiyar kallo kamar baƙuwa, ta tafi. Washegari na yi dambun zogale mai kyau na aika mata. Kafin la'asar kwanon ya dawo, an wanke shi tas, babu komai a ciki.

Laifina na biyu ya fi na farko, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Magana ta kai ga wan marigayin da cewa ƙawata ta yi zance cikin takaba, kuma aminiyarta ce ta faɗa a gaban jama'a. Maigidana ya ce in ɗauki mayafina yanzu yanzu in je zauren dattijon in ce ƙarya na ƙara, mai lambun bai yi magana ba sai bayan takaba. Na ce zan je gobe. Gobe ta yi na ce jibi. Gaskiyar ita ce kunya nake ji a ce mai ba mata dariya maƙaryaciya ce. Matan unguwa kuma suna ta ba ni baki, wai in rabu da ita, ai mun gani a fim, mai shirun ce take biyo mai surutun, kwana nawa ne. Ni kuma na zauna ina jira, kamar wani ya riga ya rubuta mana ƙarshen namu.

Ba a yi wata biyu ba dattijon ya janye alkawarinsa, ya karɓe yaran ya ba ƙanwarsa riƙo. Mai lambun, da ya ji an ce ya ci amanar abokinsa, bai sake tako Gure ba. Bayan girbi ƙawata ta tattara 'yan kayanta ta koma wurin wanta a Kelle. Daga bakin mai tallan nono na ji ta tafi. Daga baya na je na faɗa wa dattijon gaskiya. Ya saurare ni har na gama, ya ce to wace maganar tawa zai ɗauka, ta ɗaki ko ta zaure? Yaran ba su koma ba.

Sai bayan shekara goma sha ɗaya na iya shiga motar Kelle, da kwanon nan cike da goro da turare. Ta karɓe ni da mutunci, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, amma Hajiya take ce mini, ba ƙawa ba. Da na fara kuka ina neman gafara, ta ce ta yafe mini tun kafin ta bar Gure, don ba ta son zuwa lahira da kayan kowa. Ta ce ba maganar ɗakin ce ta kashe ta ba, ta san bakina tun muna yara. Abin da ya kashe ta shi ne kullum safiya tana sauraron a ce an gan ni a ƙofar zauren dattijon, har ranar da aka zo ɗaukar yaran. Ta ce ƙaramar yanzu idan ta zo hutu a tsugune take gaishe ta, kamar wata gwaggo ta nesa. Da zan tafi ta juye kwanon, ta riƙe shi ta daɗe tana dubansa, sannan ta saka goro ɗaya ta rufe. Ta ce don kada in shiga mota da kunya. Shekara biyu bayan haka Allah ya karɓi abarsa.

'Yan'uwana mata, ban ce kallo laifi ba ne, kuma ban ɗora wa fim komai ba, fim bai san gidan kowa ba. Ni ce na sayar da sirrin aminiyata don dariyar da ba ta kai minti ɗaya ba. Idan an ba ki amana, ki sani a taro ake gwada ki, lokacin da ido ya dawo kanki kuma kina jin daɗin hakan. Idan kuma bakinki ya riga ya suɓuce, kada ki kwana, ki je ki gyara a gaban waɗanda kika ɓata a gabansu, tun gyaran yana da amfani. Kwanon yana nan a ƙasan akwatina, goron ya bushe ya zama kamar tsakuwa. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi mata addu'a, sannan in ya ga dama ya haɗa da ni.