Shekarar da Kaka Ta Hana Lafenda Bargo

Jiya a ofis wata abokiyar aikina ta shafa man hannu mai ƙamshin lafenda, sai kawai na ga na ajiye abin da nake yi. Mutanen ƙasar nan sabulu wannan ƙamshi yake tuna musu. Ni kuwa kakata yake tuna mini, da wani hunturu da na yi shi gaba ɗaya cikin fargabar za ta koma gida ta bar ni.

Ina da shekara tara aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba, daga Filato zuwa gidanmu na garin Bowie, a ƙasar waje. Mama nas ce, Baba kuma kullum yana kan hanya tsakanin gida da ofis, ga ni ga ƙannena biyu. Kaka ce ke dama mana kunu, ita ke yi mini kitso, in kuma ka amsa mata da Turanci sai ta yi kunnen uwar shegu da kai har ka sake da Hausa. Takwara take kirana, don sunanta aka sa mini. Manomiya ce tun tasowarta. A ƙasan akwatinta, cikin zannuwa, ta taho da ƙarfen fartanyarta, Baba ya nemo ƙota ya sa mata.

A bazarar farko Mama ta sayo lafenda tukunya uku don a ƙawata gaban gida. In ba ka san ta ba, 'yar gajeriyar shuka ce mai ganye toka-toka da fure shuɗi mai duhu, kuma ba a sake shuka ta kowace shekara. Sanyi ya zo ta kwanta, ɗumi ya dawo ta tashi. Kaka ta murza ganye ɗaya ta shinshina, nan take ta ce waɗannan nata ne. Ta riƙe su kamar baƙin da suka zo daga nesa: taki mai kyau, ruwa safe da yamma. Da sanyi ya kama ta tara musu busasshen ganye, ta lulluɓe su da tsohon buhu. Ran da aka buɗe su a watan Afrilu sun yi baƙi ƙirin, da yatsa biyu ta cire su, saiwar tana wari. Shekara ta biyu aka sayo wasu, ta ninka takin, ta ninka rufin, suka mutu tun kafin sanyi ya ƙare.

Kada ka ce ai fure ne kawai. Matar da rumbunta bai taɓa wayar gari babu hatsi ba, ita ce 'yar shuka uku ta gagara. Ta kira Baba ta ce ƙasar nan ba ta san hannunta ba, ita kuma ba za ta zauna a gidan ɗanta tana ci tana kallon taga ba, ya nemo mata tikiti. Baba ya roƙa, Mama ta durƙusa, ni na yi kuka har da majina. Daga ƙarshe ta ce za ta gwada sau ɗaya tak. In sun sake mutuwa, sanyi na wucewa za ta tafi. Kaka ba ta magana biyu, kowa a gidan ya sani.

Wata Lahadi muna dawowa daga coci ta sa Baba ya tsayar da mota a gaban wani gida da aka daɗe da tashi daga cikinsa. Ciyawa ta bushe, fenti ya ɗaye, amma a gefen hanyar mota, cikin tsakuwa zalla, ga lafenda ta yi gingiringim, ƙudan zuma sai kai da komo suke yi. Kaka ta tsuguna da zanen cocinta, ta tona gindin da yatsa, ta daɗe tana kallon tsakuwar da ke tafinta. Sai ta yi wa kanta dariya ta ce, “Ashe acca ce.”

A mota ta yi mana bayani. Acca a gida kan tudu mai duwatsu take so, inda dawa ba za ta yi ba. Ka kai ta fadama ka zuba mata taki, sai ta yi ganye ta kwanta. Ƙasar gidanmu kuwa yumɓu ce, tana riƙe ruwa kamar tukunya. Ruwan ya zauna a gindin shukar, ya daskare, ya narke, ya sake daskarewa, ga buhu a sama ya hana iska shiga, dole saiwa ta ruɓe.

A makon nan ta ɗauko fartanya ta ja kunya mai tsayi har gwiwa, irin ta doya, a inda rana ta fi daɗewa. Ta gauraya ƙasar da tsakuwa da yashi. Baba yana tura baro yana ƙunƙuni wai maƙwabta za su zaci wani muka binne. Ta dasa sababbi uku a kan kunyar, ta ba su ruwa har suka kama, daga nan ta ɗauke hannu. Ko ƙwayar taki ba su gani ba. Da ganyen itatuwa suka zube, ta share gindinsu tas ta bar su a fili.

Ni ban yarda da wannan dabara ba. Yadda sanyi ke ratsa rigunana uku, ta yaya abin da ba shi da komai a jiki zai rayu? Wata rana a Janairu aka tashe mu daga makaranta da wuri saboda dusar ƙanƙara ta fara sauka. Na lallaɓa na ɗauko bargon gadona na lulluɓe kunyar, na danne gefunan da duwatsu. Washegari na iske Kaka a waje, da rigar sanyin Baba a kan zanenta, tana ɗaga bargon da ya jiƙe sharkaf. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta matse shi, ta kai gareji ta shanya, sannan ta ce, “Takwara, ba sanyi ne ya kashe na baya ba, ni ce. Ki bar su su sha sanyinsu.”

Har tsakiyar Afrilu suna nan kamar tsohuwar tsintsiya. Kaka ta wanke zannuwanta ta jera a akwati, ni kuma na daina cin abinci sosai. Ta hana kowa ya taɓa su da almakashi, ta ce sai sun nuna da bakinsu inda suke da rai. Wata safiya ta kira ni ta nuna mini toho ƙanana kamar ƙwayar shinkafa a jikin rassan. Biyu sun tashi, ɗaya ta tafi. Ta rage musu kai daga saman tohon, ba ta shiga tsohon icen ba, don wai shi ba ya sake fitar da ganye. Da yamma na ga ta mayar da zannuwanta cikin durowa.

Shekara goma sha ɗaya ta ƙara yi tare da mu. Kullum ana cewa baɗi za ta je ta ga gida, har ƙafa ta gaza, kuma a nan muka binne ta. An sayar da gidan Bowie, waɗanda suka saya sun baje kunyar sun shuka ciyawa. Ni ina garin Greenbelt yanzu, a bene, da 'yan rassan da na yanko na dasa a tukunya mai tsakuwa.

Sai da na girma, na san yadda kewar gida ke cin mutum, sannan na gane abin da na gani a wannan safiya ta Janairu. Kaka ta san sarai bargon nan zai kashe shukar. Da ta kawar da kai na mako biyu, da ta koma cikin duwatsunta da 'yan'uwanta, kuma babu mai cewa ta saɓa alkawari. Amma ta fita cikin wannan sanyi ta ɗauke shi da hannunta. Ban taɓa yi mata godiya ba. A lokacin ma haushinta na ji, har na yi kwana biyu ban gaishe ta ba.