Hanyar Baba mai taku huɗu

Baba ya yi shekarunsa na aiki yana zuba kwalta, daga Lafiya zuwa Doma, daga Doma zuwa inda aka tura shi. Bayan ya yi ritaya ya ji a rediyo cewa wasu ƙasashe na gwada shimfiɗa titi da farantan sola, mota ta bi ta kai, titin kuma ya ba da wuta. Tun daga ranar bai ƙara zama lafiya ba, mu ma bai bar mu mun zauna ba. Duk wanda ya shigo zaure sai ya sha bayani: ya san zafin kwalta da tafin ƙafarsa, kuma abin takaici ne a ce duk wannan rana tana zuba a banza.

Ni ce auta, ni ce a gida, don haka ni na fi kowa shan karatun. Na kuma fi kowa son sa, ba zan ɓoye ba. Tsoho ne da ya wuce saba'in, amma idan ya durƙusa da tef ɗin awonsa sai ka ga saurayi. Ya samo tsofaffin farantai huɗu wajen masu gyaran sola, ya haƙa ƙofar gida daidai faɗinsu, ya yi musu gado da siminti, ya rufe da gilashi mai kauri, ya ja waya zuwa wata 'yar fanka a zaure. Ko batir bai sa ba. So yake a ga rana na aiki ido da ido.

Mutanen unguwa suka fara magana ƙasa-ƙasa, wai tsufa ya taɓa Malam. Maganar ta kai kunnen babban yayanmu Babangida a Abuja, shi kuwa mutum ne mai yanke hukunci ta waya. Ya ce zai zo ranar Asabar ya tafi da Baba can, ya huta, likita ya duba kansa. Baba bai yi musu ba, amma na san idan aka raba shi da ƙofar gidan nan da kayan aikinsa, an gama da shi. Abu ɗaya ya roƙa, a bari yaya ya ga fankar tukuna.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya wanke gilashin ya goge, fanka ta juya, ya shiga wanka. Yaya ya iso, ya ajiye mota a bayan gida inda akwai inuwa, ya shigo ta ƙaramar ƙofa. Aka gaisa a zaure, Baba ya gyara babbar riga ya danna makunni. Fanka ko motsi. Ya sake dannawa, ya taɓa waya, ya bubbuga. Yaya ya dube ni, irin duban nan na ai na faɗa muku. Ban taɓa jin haushin ɗan'uwana kamar ranar ba.

Baba ya fita ƙofar gida, muka bi shi. Hanyarsa ta yi fari fat. Inna, mahaifiyarmu, ta baza jiƙaƙƙen rogo a kai daga wannan gefe zuwa wancan, tana so ya bushe ta yi wa matar yaya tsarabar alabo. Inna 'yar Doma ce, kuma a wajensu duk wuri mai santsi da zafi wurin shanya ne. Tun tana yarinya a gefen titi take shanya rogo da barkono da agushi, kamar kowace mace a hanyar nan. Ta fito da tsintsiya a hannu, ko a jikinta.

"Malam, wannan gilas naka ya fi kwalta zafi," in ji ta. "Rogo yana bushewa sharp-sharp, babu yashi, babu akuya."

Na ɗauka Baba zai yi faɗa. Sai ya tsaya yana kallon rogon, can ya fashe da dariya har da riƙe bango. Ya ce wa yaya ga injiniyar da ta riga Turawa, da zafin titi ta ciyar da mu tun kafin a haifi masu wannan dabara. Ya karɓi tsintsiyar, ya durƙusa, ya tattara rogon gefe guda a hankali, ya bar mata faranti ɗaya. Daga zaure muka ji fanka ta ɗauka.

Yaya ya koma ya zauna a gabanta yana shan iska. Ya yi tambayoyi daga baya, Baba ya amsa ɗaya bayan ɗaya, har da abin da bai yi daidai ba: gilashin na santsi da damina, ƙura na rage ƙarfin wutar, kuma tirela ko ɗaya ba zai ɗauka ba. Mai ruɗewa ba ya lissafa kurakuransa haka, kuma yaya ya gane.

Da la'asar ya yi sallama, bai ƙara tada zancen tafiya da kowa ba. Wannan karon ta babbar ƙofa ya fita. Da ya zo bakin gilashin sai ya tsaya, ya sunkuya zai cire takalmi.

"A'a, Babangida," Baba ya ce masa. "Hanya ce. Taka ta da takalminka."