Yadda Yaya Haruna Ya Kashe Emeka da Baki

Duk wanda ya taɓa yin gardama da yayana Haruna Mai Awo ya san tsayuwar nan tasa. Da magana ta fara zafi sai ya miƙe daga kan buhun gero, ya tura hannun hagu gaba a buɗe, ya ja na dama baya a dunƙule, ya ɗan ranƙwafa kamar ɗan damben da aka kaɗa wa kalangu. Ko kan ganin wata ake musu, haka zai tsaya. Ga shi kuma siriri, wuya duk jijiya, in iska ta taso a kasuwar Dutsin-Ma sai mu ce a riƙe Yaya. Ni ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ina shaida maku har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaure hannu ya shiga fage ba. Amma duk ɗan damben da ke tsakanin Kurfi da Kutawa, Yaya ya san shi, ya san ubansa, ya san wanda ya fara kai shi ƙasa.

Na taɓa tsokanarsa na ce, "Yaya, kai da ba ka taɓa shan naushi ba, mi ya sa ka fi kowa sanin dambe?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Isa, ashe karatun naka bai kai ko'ina ba. Sai alƙali ya yi sata sannan ya gane ɓarawo?"

Abokin gardamarsa na kullum shi ne Mista Sande, wani Ibo mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke kallon rumfar awon Yaya. Tun ranar farko Yaya ya ƙi sunan. Ya ce Sande ai Lahadi ce, saboda haka Ɗanladi ne sunansa, an yi masa fassara kyauta. Shi kuwa Sande bakinsa bai taɓa kama Haruna ba, Aruna yake cewa. Ya yi damben boksin lokacin yana makaranta a garinsu, kuma safar hannunsa guda biyu, jajaye, duk sun tsattsage, suna rataye a ƙusa saman matattun rediyoyi. Yaya bai taɓa kiransu safa ba, filo yake ce masu.

Kullum da hantsi, in ciniki ya lafa, sai a buɗe fage. Sande ya leƙo da sukundireba a hannu ya ce, "Malam Aruna, Allah ya ba mutum hannu biyu. Ku kun ɗaure ɗaya, kun bar ɗaya yana gaisuwa. Wannan wane irin dambe?"

Yaya ya ajiye tiya ya gyara tsayuwa. "Naku fa, Ɗanladi? A sa wa ƙato filo a hannu. Ya ɗan yi tsalle-tsalle a kaɗa ƙararrawa, a ba shi kujera, a yi mashi fifita, a ɗura mashi ruwa, a shafa mashi mai. Dambe ne ko jego?"

Sun fi shekara goma a haka, babu wanda ya matsa ko taku ɗaya. Ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗan uwansa aboki ba. Amma in Sande ya kwana biyu bai buɗe shago ba, Yaya ba ya iya cin abincin rana, sai ya yi ta yi wa masu sayen dawa faɗa ba dalili. Mu na gida mun san wannan gardamar ita ce abin da ya fi so a duniya, kuma mun san wani abu ɗaya: bakin Yaya bai iya cewa na yi kuskure ba.

Shekarar da hedimastanmu ya sayi talabijin, Sande ya lallaɓa Yaya muka je gidan hedimastan kallon boksin wata ranar Asabar da la'asar. Yaya ya zauna a bakin tabarma ya harɗe hannu. Can sai wani ƙato ya sha naushi ya zube. A wurinmu kun sani, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an kashe mutum ke nan, magana ta ƙare. Yaya ya fara neman takalminsa. Sai ya ga alƙalin wasa ya sunkuya yana ƙirge, ƙaton nan ya miƙe, ya goge hanci, aka ci gaba.

"Mi ake jira? Ai an kashe shi."

Sande ya ce, "Sai an ƙirga goma bai tashi ba."

Aka yi ta yi har ƙarshe, sai ga shi wanda ya faɗi ɗin nan aka ɗaga hannunsa, wai wasu mutum uku da ke zaune da biro sun ce ya fi maki. Yaya ya sa takalmi ya ce wa mai gida, "Malam, na gode da ruwa. Amma ni ba zan ƙara zama in kalli gawa tana cin dambe ba."

Sau ɗaya tak na ga sun haɗa kai. Wani saurayi ya dawo daga Kaduna ya cika cikinsa da finafinan Chana, ya tsaya tsakanin rumfar da shagon yana cewa ɗan kareti ɗaya, mai haɗa hannu da ƙafa da gwiwa, zai tara ɗan dambe da ɗan boksin ya yi masu dukan tsiya. Kafin ya rufe baki sun taso masa su biyu, wannan da Hausa, wancan da Hausa da Turanci, har ya bar kekensa ya gudu. Suna haki suna dariya, sai Yaya ya farga da wanda yake dariya da shi. Ya ɗaure fuska ya ce, "Ɗanladi, kada ka ɗauka mun shirya. Ni dalilina daban."

To, sai maganar Kurfi. Sande yana da ɗa ɗaya da ya rage masa, Emeka, ƙato ne mai aikin kanikanci, uban ya koya masa boksin tun yana ƙarami. Wata kaka mahauta suka shirya dambe a Kurfi, Yaya kuwa ya yi ta zuga har Sande ya ce to a je a raba gardama. Ba su gaya wa uwar yaron gaskiya ba, cewa suka yi kallo za su. Maman Emeka mace ce mai kirki, tana suyar ƙosai a ƙofar gidan da suke haya, Hausarta ta ciniki ce da gaisuwa, ba ruwanta da dambe.

Muka je mu huɗu. Aka naɗe wa Emeka hannun dama da zare, aka haɗa shi da wani mahauci gajere mai ƙirji kamar turmin daka. Emeka ya kare fuska da hannu biyu yana ɗan tsalle, jama'a suna tambayar ko rawa ya zo yi. A turmin farko, wato zagayen farko, ya manta ya kai naushi da hagu har sau biyu, fili ya ɗauki kuwwa, amma mahaucin ya ji a jikinsa. A turmi na biyu mahaucin ya shammace shi, sai ga Emeka zaune daɓas. Ya yi wuf ya miƙe ya gyara tsayuwa, yana jiran a ƙirga. Ina, makaɗa sun riga sun ɓarke, an ɗaga mahauci sama.

Na waiga ban ga Yaya ba. Ashe ya faɗa motar farko mai zuwa Dutsin-Ma, don kada wani ya riga shi kai labari. Sauran abin maƙwabta suka ba mu. Ya sauka tasha, ya biyo ta ƙofar gidan Sande yana tafe yana washe baki. Maman Emeka tana gaban kasko ta ce, "Malam Aruna, sannu da zuwa. Ina Emeka?"

Ya ce, "Madam, ai an kashe shi. Turmi na biyu ma. Wani mahauci ne, a gaban idon ubansa."

Ya wuce abinsa kasuwa neman wanda zai ƙara gaya wa.

Mu kuwa muka taho a motar baya, Emeka yana shan rake, leɓe ya ɗan kumbura, Sande yana ta bayanin cewa da an ƙirga goma da labari ya sha bamban. Muka iso gab da magariba muka tarar da ƙofar gida cike. Matan unguwa suna kuka, 'yan cocinsu sun zo da littattafan waƙa, an kife kaskon ƙosai, har wani ya tafi neman kafinta. Emeka ya kutsa da rake a hannu ya ce, "Wa ya mutu?" Wata tsohuwa ta dube shi ta yar da zane ta ruga.

Yau in muka tuna muna dariya har da hawaye, kuma abin dariya ne. Amma ni na shiga ɗakin na ga matar nan kwance a ƙasa ana yayyafa mata ruwa. Da ta farfaɗo ta riƙe kan Emeka ta ƙi saki, tana ta shafa shi kamar ba ta yarda ba. A ranar na ji cewa lokacin yaƙin basasa haka aka tsaya a kanta aka gaya mata mutuwar babban ɗanta, a tsaye, da kalma ɗaya. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji kunyar yayana.

Washegari Sande ya buɗe shago, ya juya bencinsa ya ba rumfar baya. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Yaya ya yi gyaran murya, ya yi maganar filo, ya yi maganar jego, shiru.

Na same shi na ce, "Yaya, ka je ka ba matar nan haƙuri."

"Haƙurin mi? Ƙarya na yi? A tambayi duk Kurfi in ba a kashe shi ba. Ni Hausa na yi, Isa. In Hausa ta yi laifi a je a kama ta."

Aka yi wata ɗaya, aka yi biyu. Yaya ya gwada gardama da mai shayi, mai shayi ya ce gaskiyarka. Ya gwada da masu kifin dam ɗin Zobe, su ma suka ce gaskiyarka. Ya dawo gida yana huci, wai garin nan duk ba mai ra'ayi. Ya rame a kan ramarsa. Sannan labari ya zo cewa Maman Emeka ta ce ita ta gaji da garin, Sande ya fara neman mai sayen shago.

Ranar da ya ji, ya kwance bakin buhu. Ya auna wake tiya biyar mai kyau, ya ɗora a kai da kansa, ya ce in raka shi. Muka tarar da ita tana wanke kasko, Sande yana zaune gefe. Yaya ya sauke waken ya yi ta kame-kame, ya yi gaisuwa har sau uku. Can ya ce, "Madam, kalmar nan da na faɗa maki, haka muke cewa, amma ban duba wadda nake gaya mawa ba. Ban kyauta ba. Na ajiye ta, ba za ki ƙara jin ta a bakina ba."

Ta ajiye kaskon, ta tura masa kujera ta ce ya zauna. Sande bai ɗago ba ya ce, "Da an ƙirga goma, da yaron ya ci."

Yaya da ya fara zama ya miƙe tsaye, ya gyara tsayuwar nan tasa. Ba a sayar da shago ba.

Ya kuwa cika alkawari fiye da yadda aka nema. A fagen dambe kowa na ihun an kashe, shi yana cewa an zaunar da shi, mahauta suna yi masa dariya. A gida sai ya ce a rufe rediyo, a kwantar da fitila. Wata rana kunama ta fito a tsakar gida, yara suna tsalle, yana daga ɗaki yana cewa, "Ku sallame ta mana." Haka ya yi har ƙarshen ransa.

Da ciwonsa na ajali ya yi tsanani, wata safiya ya sa aka fita aka bar mu mu biyu. Na matso na zaci wasiyyar gona ce. Ya riƙe hannuna ya ce, "Isa, in ta faru, kada ka aiki kowa gidan Ɗanladi. Ka je da kanka. Ka yi sallama, ka zauna, ka roƙi ruwa ka sha tukuna, sannan ka faɗa a hankali. Matar nan ba a ba ta labari a tsaye."

Bayan kwana uku ta faru, na je. Na yi sallama, na zauna, na ce, "Madam, a taimaka mani da ruwa." Ta kawo a kofin silba, ta tsaya tana kallona ina sha. Ban kai ga buɗe baki ba ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta rufe fuska da gefen zanenta. Sande ya fito daga ɗaki ya dube mu, ya koma ya sako takalmi, ya bi ni har maƙabarta.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ya amsa da waɗanda ya yi ta musu a kansu. Allah ya sa an tarbe shi a hankali, ya haskaka kabarinsa, ya kyautata namu zuwan. Amin.