Igiyar Shanyar Gwaggo

Duk wanda ya sake rubuta cewa mai gyaran keken layinmu ne ya fara raka yara makaranta, wallahi zan biyo shi har ƙarƙashin rubutunsa. Gwaggona ce ta fara, yayar babana, kuma da igiyar shanya ta fara.

Wanki da guga ne sana'arta tun kafin a haife ni. Sabulu ya cinye mata tafin hannu, in ta shafa maka kumatu sai ka ɗauka soso ne. Tsakar gidanta kullum igiyoyi sun gitta, zannuwan mutane na ɗiga, sai da sunkuyo ake wucewa. Tsakanin layinmu da makarantar firamare kuwa akwai babban titi, irin wanda direbobi ke mantawa motarsu na da birki. Ranar da babur ya ture 'yar maƙwabta ya karya mata ƙafa, kowa ya zo jaje yana zagin hukuma. Gwaggo kuwa, da gari ya waye ta kwance igiya ɗaya, ta bi ta da ƙulli-ƙulli, ta ɗauki tsohuwar jar lemarta, ta tsaya a bakin layi.

"Kowa ya kama ƙulli ɗaya. Wanda ya saki, gobe uwarsa ta kai shi."

Shi ke nan fa. Ita a gaba, yara a jere, in an iso titi ta buɗe lema ta shige tsakiya kamar a gado ta same shi. Direbobi suka zage ta, ta rama har da gyara. A hankali suka gaji, da sun hango jan nan sai su taka birki. Mu manyan layi muka riƙa karɓa-karɓa wajen riƙe wutsiyar igiya. Ƙulli na farko kuwa, wanda ke jikin hannunta, na jikanta ne, Shalele, wanda take tsokana da "maigidana". Ba mai taɓa ƙullin nan.

Sai mai gyaran keke ya shigo. Ba mugun mutum ba ne, abin haushin ke nan. Ya tattaro tsofaffin kekuna ya tashe su, ya koya wa manyan yara miƙa hannu kafin a sha kwana, kullum da safe sai ya matsa birkin kowa ya latsa taya kafin a tashi. Ya samo usur ya rataya. Ayarinsa na tashi bayan namu, su iso titi daidai lokacin da Gwaggo ta tsayar da motoci, su sulale a inuwarta suna kaɗa ƙararrawa. Ba wanda ya lura da haka, har shi kansa.

Wani ya ɗauke su bidiyo, abin ya yaɗu. "Ga bawan Allah nan mai ceton yara." Na kai wa Gwaggo waya tana guga.

"Mayar min baya," in ji ta. Na mayar. "Wancan jan abin a can gefe, ni ce?"

"Ke ce, Gwaggo."

"To madalla. Na zama gefe."

Rigar da ke gabanta ranar ta sha guga har sai da ta yi ƙauri. Daga nan ta sauya masa suna ya koma Mai Faci. In ya gaishe ta, "Inna, barka da asuba," sai ta amsa wa bangon bayansa. Manyan yara suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ƙulle-ƙulle na lilo ba hannu. Duk ta shanye. Sai ranar da Shalele ya shigo da keke, babansa ya sayo masa.

"Kaka, ni fa na wuce igiya. Igiya ta 'yan raino ce."

"Maigidana, ni za ka bari? Saboda mutumin da farcensa bai taɓa ganin fari ba?"

"Yana da usur, Kaka."

"Ni kuma ba ni da baki ko?"

Ya tafi abinsa. Ta bi shi da ido har ƙofa, ta koma ta hau dukan wanki kamar shi ya yi mata laifi.

Da safe ni ce a wutsiyar igiya. Ta fito tun rana ba ta yi wani tashin kirki ba, tana buga ƙofofi da lema.

"Gwaggo, yau da wuri haka?"

"Yau mu za mu riga su. Su zo da ƙararrawarsu su tarar da mu a ƙofar makaranta mun huta, a ga wa ya fi wani sauri."

Ba ta faɗa wa Mai Faci ba, ba ta kuma yi niyya ba. Muka tsallake titi, ta naɗe lema, muka isa ƙofar makaranta, inda daga nan ake hango titin. Ta gyara tsayuwa tana murmushin mugunta, tana jira.

Shiru. Da muka waiga, ga su can tsaye a ɗaya ɓangaren. Mai Faci na busa usur kamar huhunsa zai fito, yana ɗaga hannu, ba motar da ta ko rage gudu. Ya sa ƙafa a kwalta, wata babbar mota ta danna masa hon ya yi tsalle baya. A gaban ayarin kuwa Shalele ne, ƙafa ɗaya a kan feda, ya duƙar da kai yana auna tazarar motoci. Duk wanda ya san yaron nan ya san kallon. Shirin kutsawa yake.

Gwaggo ta cilla min igiya. Ban taɓa ganin ta yi gudu ba sai ranar: zani a hannu ɗaya, lema na buɗewa a ɗayan, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya.

"Kai! In ka motsa ban yafe ba!"

Ta faɗa titi haka nan. Birki ya yi ƙara ta ko'ina, wani direba ya leƙo ya ce, "Iya, ina kika shiga yau?" Komai ya tsaya. Yaran suka sauko suka turo kekunansu, Shalele na raɓewa ta bayanta kai a ƙasa.

Mai Faci ya share gumi. "Inna, ashe lemar nan suke tsaya wa, ba usur ba."

"Ni suke tsaya wa. Lema ai a kasuwa ma akwai ta."

Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. A nan bakin titi ta gindaya doka: tare za a riƙa tashi, kekuna a bayan igiya, in an zo titi kowa ya sauko ya tura.

Shalele dai bai dawo mata ba, keke yake hawa har yau, kuma har yau in ya ce "Baba mai gyara ya ce" sai ta taɓe baki. Amma ƙulli na farko na nan ba kowa. Wata ƙaramar yarinya ta taɓa roƙonta, ta ce, "Da mai shi." In an iso bakin titi, sai ya turo kekensa gaba da hannu ɗaya, ya kama ƙullin da ɗayan, yana waige-waige kada abokansa su gani. Faɗin titin kawai take samu. Shi ya sa yanzu in ta shiga tsakiya take tafiya a hankali, direbobi na ta hon, ita ko a jikinta.